Yadda Ake Fatsar Kifayen Bas da Bulugil a Ƙananan Tafkunan Wuraren Shaƙatawa na Amurka

Kifin da ke zaune a tafkin cikin gari ya ga ƙugiya har ya gaji. Kullum akwai mai jefa masa koto, shi ya sa wanda ya zo da zare mai kauri da babbar ƙugiya da hayaniya yake komawa gida hannu rabbana. Siririn zare, ƙaramar ƙugiya da tafiya a hankali su ne ke kama kifi a irin wannan ruwa.

Kafin komai, nemi lasisi. Kowace jiha da dokarta: a jihar New York wanda ya kai shekara 16 sai da lasisi, a Texas kuwa daga shekara 17 ne. Ana yankarsa a intanet ko a shagon kayan su. Sannan ka karanta allon da ke bakin tafkin, domin hukumar wurin tana da nata sharuɗɗa. A tafkunan birnin New York, irin su Harlem Meer da ke Central Park da tafkin Van Cortlandt a Bronx, duk kifin da ka kama sai ka mayar da shi ruwa, kuma ba a yarda da ƙugiya mai ƙayar baya ba. Idan taka tana da ita, matse ta da filaya har ta kwanta.

Sanda ɗaya ta isa: mai tsawon ƙafa 6 zuwa 6 da rabi, mai ɗan laushi, da ƙaramin keken naɗe zare. Ka cika keken da zaren roba mai ɗaukar laba 6. Wannan ya ishi bulugil, kuma zai fito da bas matsakaici idan ka sassauta birkin keken yadda zare zai riƙa fita idan kifi ya finciko da ƙarfi. In ciyawa ta yi yawa a wurin, koma laba 8 ko 10.

Fara da bulugil, ɗan kifin nan mai faɗi da ya yi kama da ƙaramar karfasa. Bakinsa ƙarami ne ƙwarai, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Ƙugiya lamba 8 ko 10 za ka ɗaura. A wannan jerin, girman lamba shi ne ƙanƙantar ƙugiya. Jiƙa ƙullin da yawu kafin ka ja shi, don busasshen zare yana ƙonewa wajen ƙulli, ya tsinke a lokacin da ba ka so. Kamar inci 6 zuwa 8 sama da ƙugiyar ka maƙala ɗan nauyi guda ɗaya, wanda ba na dalma ba, saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiye dalma su mutu. Daga nan sai 'yar robar alama da ke yawo a saman ruwa, ƙafa 2 zuwa 3 sama da ƙugiya. Zaɓi siririya. Babbar alama mai kamar ƙwallo tana da nauyin ja, kifi yana jin turjiyarta ya tofar da koto kafin ka ankara.

Koton bulugil tana ce, amma kada ka sa guda sukutum. Yanki gutsure kamar inci ɗaya, ka soka shi ya rufe ƙugiyar, ƙarshensa kaɗan ya rage yana motsi. Doguwar tana, bulugil zai yi ta tsinkar wutsiyarta har ta ƙare bai taɓa ƙarfen ba. Idan alama ta nutse ko ta fara tafiya gefe, ɗaga sandar da wuyan hannu kawai. Idan ta yi minti biyar ba motsi, canja zurfi da ƙafa ɗaya. In har yanzu shiru, matsa gaba. Bulugil a garke yake tafiya, inda ka samu ɗaya akwai 'yan uwansa. A ƙarshen bazara, idan ruwa ya kai maki 20 zuwa 24 a ma'aunin Selshiyas, za ka ga ramuka zagayayyu jere a ƙasa kusa da gaɓa. Sheƙarsu ce, maza ne ke gadi, kuma suna kai wa komai hari.

Bas kuwa mafarauci ne mai kwanton ɓauna, ba ya son zama a fili. Nemi inuwa da maɓoya: bishiyar da ta faɗa ruwa, gefen ganyen bado, ƙarƙashin 'yar gada, bakin bututun da ruwan sama ke shigowa, da kewayen famfon da ke feso ruwa a tsakiya, domin nan iskar da kifi ke shaƙa ta fi yawa a lokacin zafi. Yawancin masu zuwa suna wurga koto can tsakiyar tafki, alhali kifin yana ƙafa 10 daga inda suke tsaye. Tsaya nesa kaɗan da gaɓa, kada inuwarka ta faɗa ruwa, ka fara jifa a tsawon gaɓar hagu da dama kafin ka nufi tsakiya. Takun ƙafa mai ƙarfi yana ratsa ƙasa ya shiga ruwa, kifin yana ji.

Koton da ya fi dacewa da sabon shiga shi ne tanar roba mai inci 5, irin Senko, koriya mai duhu ko baƙa. Soka ƙugiya lamba 1 ko 1/0 (a jerin masu /0, girman lamba shi ne girman ƙugiya) daidai tsakiyarta, ba tare da nauyi ba. Jefa, ka bar ta ta nutse da kanta, zare a sake. Dukkan gefunanta biyu za su riƙa kaɗawa, kuma a wannan nutsewar ne bas ya fi ɗauka. Ido a kan zare: in ya zabura ko ya fara tafiya gefe, naɗe sakin da ya rage, ka ja sandar. In ta kai ƙasa ba labari, ɗaga ta sau biyu a hankali, ka sake barinta. Gaggawa ce ke ɓata wannan hanya. Inda ciyawa ta cika, ɗauki ƙugiya 3/0 mai lanƙwasasshen wuya, ka shigar ta kan tanar, ka ɓoye tsininta a jikin robar, sai ta ratsa ciyawa ba ta sarƙe ba.

Lokacin zafi ka fito da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ranar da hadari ya rufe, ko iska na kaɗa saman ruwa, kifi ya fi sakin jiki.

Idan ka fito da shi, jiƙa hannunka tukuna, don busasshen hannu yana goge santsin da ke kare fatarsa daga cuta. Bas ana kama leɓensa na ƙasa da babban yatsa, ɗayan hannun ya tallabi cikinsa. Lanƙwasa muƙamuƙin babban kifi yana ji masa rauni. Bulugil kuma shafa ƙayoyin bayansa daga kai zuwa wutsiya su kwanta kafin ka riƙe. In ya haɗiye ƙugiya can ciki, yanke zaren kusa da baki, kada ka yi ta tono. Tsinkakken zare ka sa a aljihu, domin yana naɗe ƙafar agwagi da kififiya.

Inda doka ta yarda a tafi da kifi, duba sanarwar hukumar lafiya ta jihar game da wannan ruwan, saboda tafkin gari yana tara dattin tituna, kuma manyan bas sun fi tara sinadarin makuri mai guba a jikinsu. Idan ka tarar saman ruwa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, gansakuka ce mai iya zama guba. Kada kai ko yara ku sa hannu, ku nemi wani tafkin.