In lokotoro ya rubuto maka awo, kar ka yi saurin zuwa labo

Duk wanda ya taɓa yawon likita a Maraɗi ya san zancen nan. Zazzaɓi ɗaya ne, amma majo, wato shugaban CSI, ƙaramar likitar unguwa, TDR kaɗai zai yi maka a yatsa, awon nan na sauri na palu, zazzaɓin sauro, minti 15 zuwa 20 ya rubuta magani, ka je wata kilinik da ciwon nan dai a jero maka gut epes (wani awon palu) da Widal (awon taifod) da NFS (ƙirgar ƙwayoyin jini) har da awon fitsari, kafin ka ga ƙwaya ɗaya jikkuna sun tahi. Wani ma'aikacin kayan awon da ke gareshi ke nan, wani tsoro yake kar wani ciwo ya ɓoye mashi, wani kuma, mu faɗi gaskiya, labon na gidan ne kuma nan riba take.

To abin yi na farko, tun kana zaune gabanshi ka tambaya da ladabi: "Lokotoro, wanga awo mi ake nema da shi? In ya hito ko bai hito ba, magani zai canza?" In amsar ita ce ba zai canza ba, to awon na iya jira. In kuɗin ba su kai ba kar ka ji kunya, ka ce ya nuna maka wanda ya fi gaggawa da kanshi, kar ka je labo ka zaɓi mai arha da ka.

Na palu kam kar ka ƙi shi. Tun 2010 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a yi awo kafin a ba da maganin palu, ko da damina ce, daga watan 7 zuwa na 10 lokacin da kowane zafin jiki ake ce mashi palu. Sai dai TDR yana da hali, yana iya nuna akwai ciwo har makonni bayan ka warke. Shi ya sa in ka sha magani kwanan nan zazzaɓi ya dawo, ka faɗa, gut epes ce ta dace don ita a madubin labo ake duba ƙwayar cutar har a ƙirga yawanta.

Widal kuwa ni ba ya burge ni wallahi. Mutum lafiyarshi lau ana iya ganin ya hau, saboda tsohuwar taifod ko ma palu, sai a ɗora mashi antibiyotik na kwana da kwanaki a banza. Wanda ya fi tabbas shi ne a shuka jinin a labo, emokiltir, amma ba ko'ina ake yi ba kuma yana ɗaukar kwanaki. In Widal kaɗai aka riƙe aka ce taifod ce, tambayi mi kuma aka gani a jikinka.

Awon suga a je da yunwa, awa 8 ba ci, ruwa kawai, ban da shayi ban da kunu, kuma 1,26 g a litar jini ko sama sai an maimaita wata rana kafin a ce diyabet. Tarin da ya wuce sati 2 a nemi awon majina don a duba ko tibi ce. Mace in tana zaton ciki ta faɗa kafin a yi mata hoton radiyo.

Sai karne, ɗan littafinka na likita. Ka riƙa zuwa da shi da tsofaffin takardun labo duka cikin leda, har waɗanda aka yi maka a Katsina ko Yamai, don da yawa awon da ake maimaitawa rashin takardar ne kawai. In sakamako ya hito a mayar ma wanda ya rubuta shi, ba mai farmasi ba, ba ɗan makwabta da ke karatun infirmiye ba.