Yadda ake karanta EEG na jariri ba tare da an laƙaba masa cutar da ba shi da ita ba

EEG awo ne da ke zana igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa. Kada ka buɗe zanen sai ka san makonnin jaririn. Haɗa waɗanda ya yi a ciki da waɗanda ya yi bayan haihuwa: bakwainin da aka haifa a mako 30, ya kuma yi mako 4 a duniya, a mako 34 za ka auna shi. Idan uwa ba ta riƙe ranar al'adarta ta ƙarshe ba, nemi hoton cikin farko ko awon Ballard, wato kimanta makonnin jariri ta hanyar duba jikinsa. Takardar da aka rubuta wa "kwana goma" kawai, mayar da ita domin a cike makonnin.

Wajen ɗauka, wayoyi tara sun isa kan jariri, amma a goge man da aka shafa masa tukuna. Ƙara wayar bugun zuciya da ta numfashi. Ɗaukar minti 20 asarar kuɗin iyaye ce. A yi aƙalla awa ɗaya, a shayar da shi da farko, domin a kama farke da barcin motsi da barci mai nauyi. Tace ƙarar wutar lantarki a 50 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa ɗaya).

Inda sababbi ke faɗuwa shi ne tsinkewar zane. Suna ganin igiyoyi sun tashi, sun kwanta, sun sake tashi, sai su rubuta cewa ƙwaƙwalwa ta lalace. A wurin bakwaini haka ya kamata a gani. Auna tazarar shirun mafi tsawo. Ƙasa da mako 30, tana iya kai daƙiƙa 35. Daga 30 zuwa 33, daƙiƙa 20. Daga 34 zuwa 36, daƙiƙa 10. Wanda ya cika watanninsa bai kamata ya wuce daƙiƙa 6 ba, shi ma a barci mai nauyi kaɗai, kuma tsayin igiyar da ke tsakani ya haura mikrobolt 25 (ma'aunin tsayin igiya ke nan). Wannan karɓa-karɓar tana gushewa wajen mako 44 zuwa 46.

Mugun zanen daban yake: tsakanin yana faɗuwa ƙasa da mikrobolt 5, ba ya sauyawa da barci ko farke, kuma ko an taɓa jaririn ko an tafa kusa da kunnensa, zanen ba ya amsawa. Saboda haka dole mai ɗauka ya taɓa shi, ya rubuta lokacin. Tambayi magani ma, domin magungunan farfaɗiya irin su fenobabital da midazolam suna danne igiyoyi. Ba na sa hannu a rahoton da babu sunan magani da lokacin da aka ba shi.

Abubuwa biyu kada ka kira su farfaɗiya. Burushin delta, wato ƙananan igiyoyi masu sauri a kan babba mai jinkiri, sun fi yawa a mako 32 zuwa 34. Sai tsinin igiya a wayoyin goshi mai fitowa gefe biyu lokaci guda, daga mako 34.

Jijjigar farfaɗiya ta gaskiya a zane tana da mafari da ƙarshe, tana sauya sauri ko tsayi ko wuri, tana kai daƙiƙa 10. Sau da yawa jiki ba ya nuna komai, musamman bayan an ba da magani. Uwa mai bubbuga bayan ɗanta, tsotso da shaƙuwa duk suna yin zane mai kama da ita, don haka duba bidiyo ko bayanin mai ɗauka.

Ga waɗanda suka ɗan tasa, dubi ƙeya lokacin da ido ke rufe: 3 zuwa 4 Hz a wata huɗu, kusan 6 a shekara ɗaya, 8 a shekara uku. Igiyoyin mazari na barci, wato gajerun jerin igiyoyi masu sauri masu siffar mazari, suna fitowa wajen wata biyu, kuma rashin daidaitarsu gefe da gefe ba matsala ba ce kafin shekara biyu. Idan ɗan wata shida yana zabura a jere bayan ya farka, zanensa kuma manyan igiyoyi ne a hargitse, kira likitan yara a ranar, kada ka jira a buga rahoto.