Yadda Ake Ciyar da Ƙaramin Kare da Kula da Haƙoransa

Karen farauta ko na gadi da muka saba gani a unguwa, kowa ya san irin riƙon da ake yi masa: a juye masa sauran tuwo, a wurga masa ƙashi, shi ke nan. Rikici yana tasowa ne ranar da mutum ya kawo ɗan Lhasa Apso ko Pomeranian ko wanda ake kira Eskimo, irin waɗanda ake gani yanzu a gidajen Jos da Kaduna da Abuja, ya ce shi ma haka zai riƙe shi. Kafin shekara uku bakin karen ya fara ɗoyi, cikinsa ya yi tulu, mai gida kuma yana cewa ai dama haka bakin kare yake.

Ba haka yake ba. Duk karen da ya girma, ƙato ne ko ɗan firit, haƙoransa 42 ne. Bakin ƙaton kare yana da filin da zai ɗauke su. Na Chihuahua mai kilo 2 kuwa, sai su cunkushe, wani ya hau kan wani, abinci ya riƙa maƙalewa a tsakaninsu. Ga ƙashin muƙamuƙinsa siriri, ga tumbinsa bai fi dunƙulen hannun yaro ba. Abin da za ka zuba masa a kwano da abin da zai sami haƙoransa, igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Wanda yake ƙyamar yawun kare ya tanadi safar hannu ta roba, irin ta asibiti, domin aikin nan ba ya yiwuwa daga nesa.

Mataki na farko: ka auna karen, sannan ka auna abincin

Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da karen, ka cire na farko daga na biyu. Karen da ya girma mai kilo 4, wanda ba ya wani aikin wahala, yana buƙatar kalori (awon ƙarfin da abinci ke ba jiki) 300 zuwa 320 a yini. Busasshen abincin kare na buhu yawanci yana da kalori 350 zuwa 400 a kowane gram 100. Ke nan rabonsa na yini duka gram 80 zuwa 90 ne. Mai kilo 2 kuwa, wajen gram 50 ya ishe shi. Idan ka zuba wannan a kwano za ka ga kamar ka yi rowa, shi kuma zai zuba maka ido kamar maraya. Kada ka biye masa.

Ka sayi ƙaramin sikelin kicin. Awon da ido ko da gwangwani yana da yaudara, domin ƙarin gram 15 a wajen irin wannan kare kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na abincinsa. Bayan mako biyu sai ka shafa haƙarƙarinsa. Ya kamata ka ji ƙasusuwan a ƙarƙashin yatsa ba tare da ka danna ba, amma kada a riƙa hango su daga nesa. Ga Lhasa da Pomeranian dole sai da hannu, saboda gashi yana ɓoye ƙiba yana kuma ɓoye rama. Ƙiba tana yi wa ƙananan karnuka illa sosai a gwiwa da numfashi, wuraren da dama can suke da rauni.

Mataki na biyu: lokutan ci

Wanda ya girma, sau biyu: da sassafe da kuma bayan la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi. A watannin Maris da Afrilu ba abin mamaki ba ne ya ƙi ci da tsakar rana. Ka ajiye kwanon minti 20, in bai cinye ba ka ɗauke.

Ɗan kwikwiyo lissafinsa daban ne. Kafin ya kai wata 4 a ba shi sau huɗu, daga nan sau uku har wata 6. Jikinsa ba ya iya ajiye sukari da yawa, don haka in ya daɗe bai ci ba sai ka ga ya yi laushi, yana tangaɗi, yana rawar jiki, wani har ya suma. Idan haka ta faru, ka lakato zuma ka shafa masa a dasashi, kada ka ɗura masa ruwa, ka garzaya da shi wajen likitan dabbobi.

Ruwa kuma kada ya yanke. Mai kilo 4 yana shan wajen rabin ledar fiya wata a yini, ya fi haka lokacin zafi. A wanke kwanon kullum.

Mataki na uku: me za a zuba?

In kana da halin sayen na buhu, ka nemi wanda aka rubuta na ƙananan karnuka ne, domin ƙwayoyinsa sun dace da bakinsu. Ka duba ranar lalacewa. Ka sayi ƙaramin buhu ko da babban ya fi sauƙi, saboda buhun kilo 15 zai yi wa kare ɗaya kusan wata shida, kuma da damina zai yi fumfuna kafin a kai rabi. Fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da gubar da ke lalata hanta, karnuka kuma ba sa jure ta. Bayan an buɗe buhu a sa shi cikin bokiti mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa.

In kuwa girki za ka yi, tukunyarsa daban. Nama marar kitse ko kaza ko kifi da aka zare wa ƙaya ko dafaffen ƙwai, a haɗa da shinkafa ko dankalin Hausa, a ƙara kabewa da karas. Ba gishiri, ba dunƙule, ba yaji, ba albasa. Hanta tana da amfani, amma 'yar kaɗan, yawanta cuta ne. Babban giɓin abincin gida shi ne kalsiyam, wanda ƙashi da haƙori suka dogara da shi, kuma shinkafa da nama ba su da isasshe. Masu girka wa karnuka sukan busar da ɓawon ƙwai su daka shi ya yi laushi kamar gari, su barbaɗa wajen rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na abinci. Wannan awon na wanda ya girma ne. Na ɗan kwikwiyo sai likita ya tsara, domin a nan kuskure yana lanƙwasa ƙafafu.

Duk lokacin da za ka canza masa abinci, ka yi shi a cikin kwana 7 zuwa 10, kana ƙara sabon kana rage tsohon. Canjin dare ɗaya gudawa yake kawowa.

Akwai abubuwan da ba a ba shi ko da ɗanɗano. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jininsa, wannan kuwa ya fitar da kusan duk miyar da muke yi, har da tsire da kilishi. Inabi da zabibi suna kashe ƙoda. Cakulan da kofi suna rikita zuciya. Goro ma haka, domin sinadaran da ke cikinsu yana da su, sai a kula da ɓarin da baƙi ke yarwa a tsakar gida. Cingam marar sukari sau da yawa yana ɗauke da xylitol, wani sinadarin zaƙi wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke faɗar da sukarin jinin kare ya taɓa hanta. Madara kuma yawancinsu tana ɓata musu ciki.

Ranar da ta fi kowace haɗari a wajen ƙaramin kare, a ganina, ita ce ta Babbar Sallah. Yara suna tausayinsa, wannan ya jefa masa kitse, wancan ya miƙa masa soyayyen ƙashi. Kitse mai yawa a lokaci ɗaya yana iya jawo masa kumburi a ciki mai tsananin ciwo da amai ba ƙaƙƙautawa. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa kamar tsinke ya soki hanji. Ka tara yara ka gaya musu tun daren jajibere, ko ka kulle karen a ɗaki har a gama suya.

Ɗan abin lallashi da ake ba shi tsakanin abinci kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na rabonsa. Ga mai kilo 4, wannan bai kai rabin ƙwai ba.

Mataki na huɗu: goge haƙora

A nan mutane suka fi yin dariya, a nan kuma aikin yake. Bayan kowane ci, wani datti mai yauƙi cike da ƙwayoyin cuta yana kwanciya a gindin haƙori. Muddin yana da laushi buroshi yana ɗauke shi. In an bar shi 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama ɓawo ruwan ƙasa wanda buroshi ba ya iya masa komai. A ƙarƙashinsa dasashi ya kumbura, ya ja baya, cutar ta gangara ta fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. A ƙaramin kare tana iya cinye muƙamuƙin ƙasa har ya karye a wata 'yar faɗuwa. Mafi yawan karnukan da suka wuce shekara 3 suna da wani mataki na wannan ciwo, ƙananan kuma su ne a gaba.

Kayan aiki: buroshin yara mai laushi ko na kare da ake sa wa a yatsa, da man goge baki na karnuka, mai ɗanɗanon kaza ko nama. Makilin ɗin mutane bai halatta ba, domin kare ba ya kurkure baki ya tofar, haɗiyewa yake yi, ga sinadarin fulorayid a ciki mai cutar da shi, wani kuma har da xylitol. Kada a sa gishiri ko kanwa ko gawayi. In ba ka sami man kare ba, buroshi da ruwa zalla ya isa, domin gugar ce ke aiki.

Kada ka kama shi ranar farko ka cusa masa buroshi. In ka yi haka, kun yi hannun riga da shi ke nan. Kwana uku na farko, ka zaunar da shi a cinyarka ya ba ka baya, ka ɗaga leɓensa na daƙiƙa biyar, ka sake shi, ka ba shi ɗan abin daɗi. Kwana uku na gaba, ya lashi man a yatsarka. Daga nan ka naɗa bandeji mai tsabta a yatsa ka shafa fiƙoƙinsa kawai. Sai mako na biyu buroshi zai shigo.

Ba sai ka wangale masa baki ba. Ka riƙe bakin a rufe a hankali, ka zura buroshin ta gefen kumatu, ka karkata shi yadda gashin zai taɓa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa ɗan zagayawa. Ɓangaren waje kawai za ka bi, na ciki harshe yana rage masa datti. Ka fi ba da ƙarfi a fiƙoƙin sama da manyan turamen sama na can baya, nan ɓawo ya fi taruwa. Rabin minti a dama, rabin minti a hagu. Kullum ya fi, in ya gagara kada ya gaza sau uku a mako. Ni na ɗaura shi da abincin yamma: a goge, sannan a zuba. Cikin wata guda karen da kansa ke zuwa ya zauna.

In ya yi gurnani ko ya ɗaure jiki, ka tsaya, ka koma matakin baya. Kuma kafin ka fara sa hannu a bakin kowane kare, ka tabbata an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, wadda ake fara yi yana da wata 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu sarrafa ta.

Game da abin tauna, ka gwada shi da farcen babban yatsa. In farce bai iya yi masa alama ba, ya fi ƙarfin haƙorinsa. Ƙaho da kofato da ƙashin sa duk sun faɗi wannan gwaji, su ne ke fasa babban turmin sama. Abin wasa na roba mai ɗan laushi da yankakken ɗanyen karas sun fi, amma ka tsaya a kansa yana ci. Kayan taunar da ke ɗauke da tambarin VOHC, wato kwamitin likitocin dabbobi mai tantance kayan tsabtace haƙora, an gwada su an ga suna rage datti. Suna taimakawa, ba sa maye gurbin buroshi.

Mataki na biyar: ka san lokacin zuwa asibiti

Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran yarinta 28. Yana fara famfara wajen wata 4, ya gama zuwa wata 6 ko 7. A ƙananan karnuka sau da yawa tsohuwar fiƙa takan ƙi faɗuwa, sabuwa ta fito a gefenta, ka ga biyu jere. Datti yana cika tsakaninsu, sabuwar kuma ta karkace. Wannan likita ne ke cirewa. Kada wani ya ce zai fizge ta da filaya a gida, saiwarta doguwa ce.

Ga wanda ya girma, sau ɗaya a mako ka duba bakin a cikin haske. Ɗoyi mai ƙarfi, jan dasashi ko jini a buroshi, dalalar yawu, tauna ta gefe ɗaya, sakin abinci daga baki, duk alamu ne. Kumburi a ƙarƙashin ido yawanci daga ruɓaɓɓiyar saiwar turmi yake. Yawan atishawa da majina ta hanci ɗaya kan nuna cutar fiƙar sama ta huda zuwa hanci. Kada cin abincinsa ya ruɗe ka, kare yana ci ko da haƙori yana girgiɗi.

In ɓawo ya riga ya kama, sai an sa masa allurar barci an kankare har ƙarƙashin dasashi. Kankarar da ake yi wa kare ido biyu tana faranta ran mai shi ne kawai, inda cutar take ba a kai ba. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za a fara tambaya. Ka nemi a gwada jininsa a saurari zuciyarsa kafin allurar, musamman in ya haura shekara 7. Kafin ranar zuwa, kada ka ba shi ibuprofen ko farasitamol daga akwatin maganin gida. Ka jiƙa masa abincinsa da ruwan ɗumi ya yi laushi, ka kuma dakatar da buroshi a gefen da ke ciwo har likita ya gani.