Kai foman, ga yadda za ka kare yaranka a wurin gini

Na jima ina aikin foman a wuraren gini, kuma yawancin raunukan da na gani da idona gaggawa ce ta jawo su, sai kuma shirun wanda aka ɗora a kan ma'aikata, ya ga abu ba daidai ba amma ya kawar da kai don kar ɗan kwangila ya ce yana ɓata lokaci.

Ka riga kowa zuwa. Kafin a kwaɓa ko kwano ɗaya ka zaga wurin da ƙafarka, ka girgiza katakon da birkiloli za su hau, ka sa a kwashe katako mai ƙusa a sama, sannan ka ɗaga kai ka duba wayar wuta, don rodi mai tsawon mita 12 ba sai ya taɓa babbar waya ba, kusantarta kaɗai ya isa wuta ta yi tsalle ta kama mutum. Tsani kuma, duk tsayin ƙafa 4 gindinsa ya ja baya ƙafa 1 daga bango, a ɗaure shi a sama.

Daga nan sai ka tara su, minti 10 ya isa. Ka faɗi aikin yau da abin da zai iya cutar da mutum a cikinsa, ka tambayi sabon yaro ya maimaita maka abin da ya ji, saboda sababbi kunya ke hana su tambaya. Wani zai ce maka oga ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka amsa masa da hankali, ka tuna masa an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Ranar zubin dakin, wato kankaren rufin bene, ita ce ta fi ba ni tsoro. Akwai wani yaro lebura da ya wuni yana tsoma ƙafa cikin kankare da silifas, bai ji komai ba har yamma, washegari fatar tsakanin yatsunsa ta saɓule ya kasa taka ƙasa, sati uku bai fito aiki ba kuma shi ke ciyar da mahaifiyarsa, wallahi har yau abin na damuna don ina wurin kuma na gan shi. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata a hankali ba tare da zafi ba da farko. Don haka takalmin roba da safar hannu a kawo su tun jajibiri, in kankare ya shiga cikin takalmi a cire nan take a wanke, in ya faɗa ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 20 a wuce asibiti. Kar a shafa man birki ko manja. Kuma kar ka bari kowa ya tsaya ƙarƙashin dakin ana zuba, sai kafintan da ke lura da sandunan tokare.

In miksa, wato injin kwaɓa kankare, ta cije, a kashe ta, mai gyaran ya riƙe makullin a aljihunsa har ya gama.

Sai maganar rami, sokawe, rijiya da tanki. Ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare gefensa, ƙasar da aka haƙo a janye ta daga baki, musamman da damina. Kar a taɓa tayar da janareta ko injin jan ruwa a ciki, iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ko launi. Mai shiga ya ɗaura igiya, mutum ya tsaya a baki yana masa magana. In ya yi shiru, dan Allah ka hana 'yan'uwansa faɗawa ceto, a jawo shi da igiyar, don ta haka ake rasa mutum biyu uku a rami ɗaya.

Zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, to ka mai da aiki mai nauyi safiya, randa ko jarkar ruwa a inuwa, in azumi ne a tashi da wuri.

Ka ajiye littafi ka rubuta duk abin da ya faru, har bulon da ya faɗo bai sami kowa ba. A Najeriya dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga NSITF, hukumar da ke kula da asusun biyan diyyar, rubutun nan naka shi zai taimaki yaro in an zo maganar haƙƙinsa. Ka san asibiti mafi kusa tun ranar farko, lambar wani mai adaidaita sahu na unguwar ta zauna a wayarka, akwatin bandeji kuma kar a kulle shi a sito mai makullin ya tafi kasuwa.