Yadda za ka sa maus ya yi aiki a cikin taminal

Mutane da yawa sun ɗauka da ka shiga baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni, wato taminal, shikenan kun yi sallama da maus sai kibod. A'a. Taminal ɗin yana iya miƙa duk dannin da ka yi ga manhajar da ke ciki, amma sai in ita ta nema. htop (mai nuna ayyukan da ke gudana a kwamfuta) da mc (mai sarrafa fayiloli) da maus a kunne suke zuwa, sauran kai za ka kunna da hannunka.

Fara da tmux, manhajar da ke raba taminal ɗaya zuwa ɓangarori. Buga tmux -V ka ga wanne gare ka, in 2.1 ne ko sama (tun 2015 ya fito) buɗe fayil ɗin saitinsa ~/.tmux.conf ka sa layi ɗaya tak, set -g mouse on, sannan ka buga tmux source-file ~/.tmux.conf. Daga nan za ka iya danna ɓangaren da kake so, ka ja iyakar da ke tsakaninsu, ka murza tayar maus ka koma sama. In ka ci karo da tsohon bayani mai cewa mode-mouse ƙyale shi, an cire wannan tuntuni.

A Vim kuma, manhajar gyara rubutu, sa set mouse=a a cikin ~/.vimrc. In allonka mai faɗi ne ka ga danni ta can gefen dama baya kamawa, tsohon tsarin ne da ke tsayawa a gurbin harafi na 223 daga hagu, ƙara set ttymouse=sgr ya wuce wajen. Nano ma, wata manhajar gyara rubutun, danna Alt+M kawai.

To ga inda ake shan haushi. Da ka kunna sai kwafi ya rikice, ka ja maus kan rubutu ka je burauza ka yi fes ba komai, ni wallahi ranar farko sai da na kashe abin gaba ɗaya don takaici, ashe manhajar ce ta kwace maus ɗin daga hannun taminal. Riƙe Shift yayin da kake ja, taminal zai karɓe abinsa. A iTerm2 na Mac Option za ka riƙe.

Injin da ba shi da tagogi sam, Linux zalla, sai ka sa gpm tukuna, manhajar da ke sa maus aiki a irin wannan allon.

In kuma netwok ya yanke maka ssh (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa) ana cikin aiki ka ga tarkacen lambobi na zubowa duk sanda ka taɓa maus, ba lalacewa ba ce, manhajar ce ta mutu ba ta kashe saƙon maus ɗin ba. Buga reset ka danna Enter.