Lissafin wutar da ampul LED mai ƙyaftawa take ci

Masu gyaran lantarki na nan Yamai, musamman masu haɗa fitilar sola, ga yadda ake yi.

Da farko ka kunna ta tsaye ba ƙyaftawa, ka auna volt da amper ɗinta da miltimeta (na'urar awon lantarki), don in tana ƙyaftawa lambobin tsalle kawai suke yi ba za ka kama komai ba. Jar LED ƙarama yawanci 2 V (volt) ce da 20 mA (miliamper). Ka ninka su, 40 mW (miliwat) kenan.

Sai ka duba lokaci, nan ne aikin yake. Misali tana haske sakan 0,1 sannan ta mutu sakan 0,9, to zagaye guda sakan 1 ne, ka raba 0,1 da 1, kashi 10 cikin 100. Ninka da 40 mW, matsakaicin 4 mW.

Dare na awa 10 sai ta sha 40 mWh.

Amma fa kar ka manta da rezistans, wadda ke rage wutar da ke shiga ampul, ita ma tana ci! In batirinka 5 V ne to da 5 za ka ninka ba 2 ba, wato 100 mW, matsakaicin 10 mW, dare guda 100 mWh, da wannan za ka zaɓi batir.