Kafin ka biya kuɗin tsohuwar Mustang daga Amurka

In kuɗinka ba su da yawa, ka nemi Mustang, motar kamfanin Ford, ta 1965 ko 1966 ƙirar kufe (mai rufin da ya tsaya kafin but), domin fasbak (mai rufin da ya gangara har baya) ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Harafi na biyar a lambar shasi shi ke faɗin injin da aka ƙera ta da shi: T mai silinda shida ne, C da A kuwa V8 ne, wato mai silinda takwas, samfurin 289. Wasu kan dasa V8 a motar T su ɗora farashi. Lambar haruffa 11 ce, Carfax, shafin da ke ba da tarihin mota, ba ya karanta irinta, sai ta 1981 zuwa sama.

Tsatsa ita ce ke cin kuɗi, ba inji ba. Motar Arizona ta fi ta Michigan, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ka biya bakanike can ya zuba ruwa a ragar iskar da ke gindin gilashin gaba. In ya ɗiga kan kafet, ƙarfen ciki ya ruɓe, gyaransa sai an yanka an yi walda. Ya bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu, inda bai kama ba an cike ne da fila, wato ƙullun da ake toshe ramin jikin mota da shi.

Ba takardar mallaka ta asali, ba ciniki, kwastan Amurka ba za su bari ta fita ba. Kwantena ta fi RoRo (jirgin ruwan da ake tuƙa mota a shigar da ita ciki), don a kwantena za ka iya haɗawa da lagireto mai layi uku da kayan birki. Najeriya na da dokar da ta iyakance shekarun motar da za a shigo da ita, kuma a 2017 ta hana shigo da motoci ta kan iyakar tudu, saboda haka ka zauna da ejan ɗinka mai fito da kaya daga kwastan tukuna.